Tsohuwar robar kafireta: a jiƙa ta ko a jefar?

Mai GS: Salam 'yan uwa. Ni fa na faɗa kuma zan maimaita, sayen sabbin robobin kafireta asara ce kawai. Roba ba mutuwa take ba, bushewa take. Babur ɗina Suzuki GS850 ƙirar 1980 ce, robobin nan takwas duk sun ƙandare kamar ƙaho, huɗu na wajen inji huɗu na wajen akwatin iska, na jiƙa su a man wintergreen (wani mai ne mai ƙamshi) kashi ɗaya sifirit kashi uku, suka yi laushi kafireta ta zauna ba ko kokawa. Mai ja ya fito.

Tsohon bakanike: Na ja. Laushi daban, lafiya daban ɗana. Man nan kumbura robar yake, shi ya sa ka ji ta tuɓus, amma in akwai tsaga a jikinta tana nan ba inda ta je, kumburin ne ya rufe bakinta. Sifirit zai fice, zafin inji ya gasa ta, ta koma gidan jiya.

Mai GS: Baba ai babur ɗin yana tashi bugu ɗaya, me kuma ake nema

Tsohon bakanike: Tashi ba shaida ba ne. Ka tsaya ka ji, robobin nan takwas ba aikinsu ɗaya ba, nan ne kuke ruɗewa. Na tsakanin kafireta da kan silinda suna bayan murfin totur ne, in babur yana silo murfin kusan a rufe yake, fistin kuma yana zuƙa da ƙarfi, to duk 'yar kafar da ke jikin robar ta nan iska za ta kutsa, iskar da ba ta bi ta kan jet ba, wato 'yar kafar da fetur ke fitowa, balle ta ɗauko fetur. Sai haɗin ya zama iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, silindar ta riƙa zafi, fulogi ya yi fari fat, ka saki totur inji ya ƙi saukowa da wuri, salansa tana tas tas in ka rage gudu. A jima a haka bawul ya ƙone. Na bayan kuwa, na wajen akwatin iska, ba wannan zuƙar a kansu, babbar matsalarsu ƙura ce in ba su kama baki da kyau ba.

Mai CB: Gsky Baba ya yi magana, amma shi ma Mai GS yana da tasa. Wasu baburan fa kayansu sun ɓace, ba a yin robobin kuma, ko ka samu sabuwa ta bogi wadda tun a leda take fara tsagewa, wlh tsohuwar asali da aka jiƙa ta fi irin wannan nesa ba kusa ba. Mu masu Honda CB750 da sauƙi tunda babur ne da ya yi suna tun fitowarsa a 1969, ana ta buga kayansa har yanzu, amma ba kowa ke da wannan gatan ba.

Sabon shiga: Manya ni tambaya ce, me zai hana a cire akwatin iskar gaba ɗaya a maƙala wa kowace kafireta 'yar filtarta, a huta da wahalar robobin baya? Kuma naji ance man birki ma yana tausasa roba

Mai CB: Kar ka soma ƙanena. GS850 daga 1980 kafiretar Mikuni ce irin CV, wadda zuƙar iska ke ɗaga mata silaid ta hanyar wata siririyar roba a samanta, da akwatin aka tsara ta. Ka cire shi sai ka kama canjin jet da allura ba ranar gamawa. Man birki da kananzir kuma bar su inda suke, lalata robar suke.

Mai GS: Yauwa, ko nan mun haɗu. Kuma rabin masu cewa roba ta mutu mayarwar ce ba su iya ba. Ka cire batir, ka kwance kusoshin akwatin iska ka ja shi baya, ka saki kilif duka sosai, ka ɗumama robobin da ruwan zafi ko draya, ɗan giris na silikon a baki, ka maƙala wayar totur tun kafin ka tura don in ta zauna hannu ba ya shiga. Wajen inji ake fara turawa har ka ji ta faɗa gurbinta, sannan na baya, na tsakiya biyu tukun kafin na gefe. Ba wai ka sa sukuddireba kana ɓanɓara ka huda roba ka zo kana zagin ta ba.

Tsohon bakanike: Duk daidai. To amsa min ɗaya, zoben robar da ke bayan robobin inji, tsakaninsu da kan silinda, ka canza su?

Mai GS: Ban taɓa su ba, ai ba su da matsala

Tsohon bakanike: Waɗannan sukan daskare su baje, kuma ba jiƙon da ke tashinsu. Silo ɗinka fa, in ka murɗa ka saki yana saukowa nan take?

Mai GS: Yana ɗan rataya kaɗan in ya yi zafi, amma wannan wayar totur ce take riƙewa

Mai CB: Hhhh waya ce ke jiran inji ya yi zafi kafin ta riƙe? Haba oga

Tsohon bakanike: Ba sai mun yi ta musu ba. Ka tada shi ka bar shi a silo, a fili ba cikin ɗaki ba, ka fesa maganin wanke kafireta kaɗan a kan kowace roba ɗaya bayan ɗaya, ka kiyayi bakin salansa don abin yana kama wuta. In ƙarar inji ta canza a kan wata, ita ce ke shan iska. Kuma kar ka ɓata lokacin daidaita kafiretocin huɗu da geji kafin ka yi wannan, saitin ƙarya za ka samu.

Mai GS: Zan fesa in ɗauko muku bidiyo. Amma ko me ya fito, na wajen akwatin iska dai ba zan saya ba.

Tsohon bakanike: Su wa ya ce ka saya? Ka dai duba sun hau baki ta ƙasa ma, nan ne suke naɗewa ido ba ya gani, sa yatsa ka zagaya kafin ka ɗaure kilif.