Kam sensa: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Jama'a, ina neman taimako. Jiya muna ɗora wani inji ɗan Kwatano a kan tsohuwar Ford Ranger mai 3.0, yarona ya tambaye ni: "Oga, shi wannan kam sensa mene ne sunansa da Hausa?" Na yi shiru, don ban taɓa tunanin abin ba.

Kafin a raɗa suna, a san aikin jaririn. Karanshaf, sandar da fistin ke juyawa, yana juyawa sau 2, kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, sau 1. Ke nan fistin na ɗaya yana hawa sama sau biyu a zagaye guda na kamshaf, ɗaya na matse iska, ɗaya na fitar da hayaƙi. Sensan karanshaf ba ya bambance su. Kam sensa ne ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota wanne ne wanne, don nozul ya fesa mai a kan lokaci. In ya daina magana, kwamfuta ta nuna maka lambar matsala P0340.

Wani malamin makaranta ya ce "na'urar gano matsayin sandar bawul". Ma'ana ta fita, Malam, amma je Ƙofar Ruwa ko Panteka ka faɗi haka, kafin ka kai ƙarshe mai shago ya sallami mutum biyu. Wani ya ce "ɗan rahoto". Na yi dariya, sai dai duk sensan da ke jikin mota ɗan rahoto ne, har na zafin ruwa.

Ni "idon kamshaf" ya kwanta mini, kuma aikin jiya ne ya sa. A wannan injin, sensan yana zaune ne a kan wata sanda a gurbin distiributa mai raba wa fulogi wuta, kuma akwai wata 'yar roba ta musamman da ake saita ta da ita. Ba mu da ita. Sai muka cire fulogin farko, na toshe ramin da babban yatsa, yaro yana juya fuli da hannu har iska ta tunkuɗo yatsana, muka tsayar da alamar fulin a kan sifili. Tun kafin mu zare sandar na ja layi da farin fenti inda harshen ƙarfen da ke saman sandar yake fuskantar tagar sensan. Haƙoran giyar a karkace suke, sandar tana murɗawa in tana sauka, dole ka fara ta baya kaɗan. Sau uku muka zare muka mayar kafin layin ya haɗu, gindinta kuma ya kama famfon baƙin mai. Ido ba mudu ba, ya san kima.

Wani mai gyaran lantarki ya ƙi sunan, wai sensan maganaɗisu yake ji, ba gani yake ba. Gaskiyarsa. Amma abin da ke zaune bakin taga yana lura da mai wucewa, ai ido ne. Kuma ɗan'uwansa ya samu suna a ɓagas: idon karanshaf.

Kanikawan Maraɗi da Damagaram, ku me kuke ce masa?