Wanda kububuwa ta taɓa sara a gidansu, ya zo mu ji

Manomi daga Ɓilliri: Assalamu alaikum. Kaka ta shigo, ana cire gyaɗa ana yankan dawa, lokacin da kububuwa ke lafewa ƙarƙashin tarin kara ke nan. Me kuka yi a sa'ar farko? Bari in fara da namu. Bara da la'asar ƙanena ya taka ta a bakin dami, ta kama shi a idon sawu. Muka ɗaure ƙafar da igiya tamau, muka tsattsaga wurin da reza, yadda muka tashi muka ga ana yi. Da dare ya tofar da yawu sai muka ga jini, dasashinsa na zuba, tsagar ma ta ƙi tsayawa. A babur muka kai shi asibitin masu saran maciji na Kaltungo. Suka ɗibi jininsa a 'yar kwalbar gilashi suka ajiye minti 20, da aka karkata ta sai ya kwarara kamar ruwa. Nan take aka sa masa maganin dafi ta jijiya.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, rezar nan ita ke ba mu wahala. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, kai kuma ka ƙara buɗe masa hanya. Igiyar ma ba ta tare dafi, ƙafar take kashewa. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a tallafe ƙafar da sanda kada ta motsa, a ɗauko shi, kada ya taka da kansa. Ban da asfirin. Kuma don Allah a daina bin macijin, na taɓa karɓar mutum biyu daga maciji guda.

Makiyayi daga Karim Lamiɗo: Mu ba mu kai ba. Yayana kwana uku yana wurin mai magani, an manna masa baƙin dutse, har ya tashi ya sha fura muna hamdala. Rana ta huɗu ya ce kansa na sarawa, kafin magariba ya cika. Ba banza ake ce mata gobe da nisa ba.

Manomi daga Ɓilliri: Allah ya jiƙansa, ɗan'uwa, ya ba ku haƙuri.

Wata uwa daga Langtang: Ni gamsheƙa ce ta tofa wa ɗana a ido a akurkin kaji. Surukata ta ce a ɗiga nono, ni dai buta na ɗauka na yi ta kwarara ruwa yana ihu. Idon ya warke. Amma da aka sari mijina, mun tarar magani ya ƙare a inda muka je, sai da muka sayar da akuya biyu muka sayo a kemis.

Ma'aikaciyar jinya: Yaya, a nan ma a kula. Akwai wanda aka haɗa don macizan Indiya, bai cika yi wa kububuwarmu komai ba. Shi kuwa maganin dafi mai suna EchiTAb, da dafin macizan Najeriya aka yi shi. A nuna wa likita kwalbar kafin a biya.

Wata uwa daga Langtang: Wa ya san wannan a lokacin? Malam, ya ƙanen naka yanzu?

Manomi daga Ɓilliri: Yana gona yanzu haka. Ba ya ɗaga dami sai ya zungura da sanda. Takalmin robar da na saya masa kuwa ya ce zafi yake ji, yana rataye a zaure.