Watsawa ko yaɗawa: wace kalma za mu tsayar wa aikin rediyo da talabijin?

Assalamu alaikum, malamai da sauran masu hidima da harshe. Ina roƙon mu tsayar da magana a kan kalmar Ingilishi ta "broadcasting", domin a rubuce-rubucenmu, har da na ɗaliban aikin jarida da nake gani a Samaru ta Zariya, "watsa labarai" ita kaɗai ce ke ɗauke da nauyin abubuwa da dama. Da ita muke kiran ma'aikatar da ke magana da yawun gwamnati, da ita muke haɗa jaridu da rediyo da talabijin mu ce kafafen watsa labarai, sannan hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992 don ba gidajen rediyo da talabijin lasisi da kuma sa musu ido, ita ma sai a ce mata hukumar kula da kafafen watsa labarai. Duk wanda ya karanta wannan suna zai zaci tana da iko a kan jarida, alhali jarida ba huruminta ba ce.

Kalmar "labarai" ita ma ta yi wa aikin kaɗan, tunda gidan rediyo yana fitar da waƙa da wasan kwaikwayo da tafsirin watan azumi da gaisuwar zaɓi-sonka da cigiya da talla, kuma babu mai kiran waɗannan labarai. Shawarata ita ce mu riƙe "watsa shirye-shirye". Me kuka gani?

Wani malamin Hausa daga Kongo ta Zariya:

Wa'alaikumus salam, Malam. Na goyi bayanka, amma sai mun fara raba "watsa" da "yaɗa", domin marubuta da yawa suna musanya su kamar ma'anarsu ɗaya. Abin da aka watsa daga wuri guda yake tashi, a lokaci guda, ya faɗa ko'ina ba tare da an zaɓi wanda zai same shi ba, kamar yadda uwar gida ke watsa wa kaji tsaba. Abin da ya yaɗu kuwa bi yake daga wannan zuwa wancan sannu a hankali, shi ya sa muke cewa jita-jita ta yaɗu, cuta ta yaɗu, addini ya yaɗu. Na'urar gidan rediyo watsawa take yi, domin murya ɗaya ce ke isa Giwa da Soba da Maƙarfi a daƙiƙa guda.

A Ingilishi ma kalmar daga gona ta fito, inda take nufin warwatsa iri da hannu maimakon binne shi rami-rami, sai a farkon shekarun 1920 masu rediyo suka are ta. Manoman shinkafa a fadamunmu "yafa iri" suke cewa, kuma da a ce fassarar asali muke nema da ita ce daidai, sai dai kunne zai riƙa kai ta wajen yafa mayafi ko yafe laifi, don haka ban ga amfanin janyo ta ba. Jarida kuma tana da nata aikatau tun tuni, domin tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a nan Zariya a 1939 "buga" ta ake yi a rarraba.

Wani tsohon ma'aikacin gidan rediyo daga Tudun Wada:

Allah ya gafarta malamai, ku ba ni dama in yi magana ta fuskar masu aikin. "Watsa shirye-shirye" ba sabuwa ba ce a bakinmu, rubutu ne kawai bai riƙe ta da kyau ba. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a ranar 13 ga Maris 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya biyo baya a 1962, sashen Hausa na rediyon Jamus a 1963, na Muryar Amurka kuma a 1979, kuma a tsawon waɗannan shekaru masu fassara da masu sauraro sun riga sun daidaita a kan kalmomi masu kyau waɗanda babu wanda ke tuna baƙi ne a aikin. Gajeren zango da matsakaicin zango suna cikinsu, haka nan tasha, wadda a da ta jirgin ƙasa da mota ce kawai. Ku tsaya wurin mai shayi da sassafe ku ga dattijo ya zaro eriya har ƙarshe, yana murɗa akwatinsa a hankali yana karkata shi wajen kunne, za ku ji ya ce mita 19 ba ta kamawa yau, bari ya gwada 16.

Abin da nake ƙi shi ne fassarar "on air" da wasu matasan masu gabatarwa suka ɗauko, suna cewa "muna kan iska". Bahaushe ya san abin da iska ke nufi idan aka jingina ta ga mutum, kuma ba yabo ba ne. A ce shiri yana gudana, ko ana watsa shi yanzu, ya wadatar. Haka kuma "kai tsaye" ta zauna daram a matsayin "live", kishiyarta kuwa naɗaɗɗen shiri, wanda idan aka sake sa shi ya zama maimaici. Inda nake jan hankali shi ne kada a ce wa kowane ma'aikaci mai watsa shirye-shirye, saboda mai gabatarwa daban, mai shiryawa daban, mai karanta labarai daban, kuma a haƙiƙa gidan ne ke watsawa.

Wata ɗaliba daga Samaru:

Malamaina, ina neman ƙarin haske. Idan malami yana karatu a masallaci aka haska shi a Facebook ko YouTube, babu eriya babu zango, shin wannan ma watsawa ce?

Malamin Kongo:

Malama, ma'aunin da na kawo ya amsa miki. Muddin daga wuri guda yake fita kuma jama'a suna kallo a lokacin da ake yin sa, an watsa shi kai tsaye, ko ta wace hanya ya bi. Idan kuma wani ya yanki minti biyu daga ciki ya tura a WhatsApp, wancan ma ya tura gaba, to an koma yaɗawa.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya ƙara sani. A rubutuna daga yanzu NBC za ta zama Hukumar Kula da Watsa Shirye-shiryen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, ko da sunan ya yi wa kanun labari tsawo, "kafafen yaɗa labarai" kuma zan bar wa jaridu da rediyo da talabijin idan an haɗa su. Saura "podcast", wanda ɗora shi ake yi a intanet mai sauraro ya sauke lokacin da ya ga dama, don haka bisa ma'aunin Malam bai shiga watsawa ba. Wa yake da kalmar da zai ba mu?