Me ya sa EJB ke hana mutum buɗe Thread da kansa?

Ɗan Agege: Salamu alaikum jama'a. Don Allah wa ya saba aiki da EJB (Enterprise JavaBeans, tsarin Java na rubuta manhajojin da ke aiki a kan sabar)? oga ya dawo min da kod wai na buɗe Thread (wani layin aiki na daban da ke gudana a gefe) da kaina kuma na ajiye rasit a fayil da java.io, alhali a kwamfutata komai na tafiya lafiya lau. Ku ba ni shawara.

Anti ta Yaba: Wa alaikumus salam ƙanena. Ogan na da gaskiya, ƙa'idar EJB ce ta hana buɗe Thread. Kai ɗan haya ne, kwantena (ɓangaren sabar da ke gudanar da kod ɗin EJB) shi ne mai gida, shi ke ƙirƙirar bean ɗin, wato guntun kod ɗin da ka rubuta, ya ba shi aiki ya kashe shi, shi ke riƙe da tsaro da taransakshan (jerin ayyukan da ko dai su kammala gaba ɗaya ko a soke su gaba ɗaya), to Thread ɗin da ka buɗe bai san da zamansa ba, in aiki ya lalace a tsakiya kwantenan ba zai iya warware abin da Thread ɗin ya rubuta a rumbun bayanai ba, in kuɗin mutane ne kuwa ka san sauran. Yi amfani da @Asynchronous, ko ManagedExecutorService da ya zo da Java EE 7 a 2013, su ne hanyoyin da kwantena ke gudanar maka da aikin gefe da kansa.

Ɗan Agege: To Anti fayil ɗin fa?

Anti ta Yaba: Gobe a ɗora manhajar kan sabar uku, rasit yana kan ta farko, mai nema ya faɗa kan ta biyu, babu shi. Zuba shi a rumbun bayanai kawai.

Bakano a Ikeja: Haka ma an hana rubuta wa static da ba final ba (ma'ajin ƙima na bai-ɗaya da ake iya canzawa), kowace JVM (injin da ke gudanar da kod ɗin Java) da nata kwafin, lissafi sai ya rabu. Wasu na cewa @Singleton na EJB 3.1 ya magance, a'a, shi ma ɗaya ne a kowace JVM. Kuma kar ka kuskura ka kira System.exit, duk manhajojin da ke kan sabar za su mutu tare.

Malam na Idi-Araba: Abin da ke ruɗin yara shi ne sabar irin su WildFly ko Payara galibi ba sa tsayar da kai, kod zai wuce shiru, sai ranar da mutane suka yi yawa. Ni shawarata ka sauke takardar Jakarta Enterprise Beans (sabon sunan EJB) ka karanta sashen hane-hanen, ba shi da tsawo.

Ɗan Agege: Na gode ƙwarai. Aikin ƙarfe 12 na dare kuma @Schedule zan sa ko?

Bakano a Ikeja: Shi ɗin.