Manhaja ta ce ba ta sayar da bayanaina, amma tana "raba su da abokan hulɗa": ina bambancin yake?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na sauke wata manhaja mai ƙidaya taku da lura da barci, kuma a shafinta na farko an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba sa sayar da bayanan kowa. Da na daure na karanta ƙa'idojin sirrinta har ƙarshe, sai na tarar da wata jimla can ƙasa tana cewa suna iya raba bayanai da "amintattun abokan hulɗa domin inganta aiki", ba tare da ambaton sunan ko ɗaya ba. Bayan 'yan kwanaki tallan maganin barci ya fara bina duk inda na shiga a intanet. Shin ƙarya suka yi mini?

Injiniyan Manhaja:
Wa alaikumus salam. Malam, a ganina wasa suka yi da kalmomi. Yawancin masu ƙera manhaja ba sa rubuta komai da kansu. Suna ɗauko shiryayyun ɓangarori daga kamfanonin talla da na ƙididdiga su dasa a ciki, kuma waɗannan ɓangarorin ne ke aika lambar tallan wayarka (wato lambar da masu talla ke gane wayarka da ita), samfurinta, wani lokaci har da inda kake, kai tsaye zuwa ga masu su. Tunda ba a miƙa kuɗi hannu da hannu ba, sai kamfanin ya ce bai sayar ba, alhali ya amfana da cinikin talla ko da aikin da aka yi masa kyauta. Kada kuma kalmar "an cire suna" ta kwantar maka da hankali: wani bincike na 2013 a kan mutum miliyan 1.5 ya nuna cewa sanin wurare huɗu da lokutansu ya isa a ware kashi 95 cikin ɗari nasu ɗaya bayan ɗaya.

Malama Mai Bibiyar Shari'a:
Akwai inda hukuma ta ɗauki irin wannan a matsayin yaudara. A 2021 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu sayayya a Amurka ta sasanta da Flo, manhajar bibiyar al'adar mata, bisa zargin cewa ta yi alkawarin ɓoye bayanan lafiya amma tana tura su ga kamfanoni irin su Facebook da Google. A 2023 kuma BetterHelp, kamfanin ba da shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa ta intanet, ya amince ya biya dala miliyan 7.8 kan zargi makamancin wannan. A Tarayyar Turai, dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki a 2018 ta wajabta a sanar da mutum waɗanda za su karɓi bayanansa, ko aƙalla rukuninsu, kuma ta wannan kafar ta "rukuni" ce da yawa ke sulalewa.

Mai Neman Sani:
Na gode, Malama. To, bayanin sirri da ake gani a Google Play da App Store fa, ba ya wadatarwa?

Injiniyan Manhaja:
Mai manhajar ne da kansa yake cike shi, don haka ka ɗauke shi a matsayin iƙirari kawai. Abin da ke hannunka shi ne ka janye izinin wuri da na lambobin waya daga duk manhajar da ba ta buƙatarsu, ka goge lambar talla idan Android kake riƙe da ita, ko ka ƙi amincewa da bibiya idan iPhone ce. Bayanan da suka riga suka fita kuwa, cire manhajar ba ya dawo da su. Sai ka rubuta wa kamfanin ka nemi ya goge asusunka da abin da ke ciki.