Shawarar da aka ba ƙanwarmu kan makarantar ɗanta

Jiya bayan Isha'i mun zauna gidan yayarmu a Shari'a Mansur a nan Makka, hira ta kai mu kan ɗan ƙanwarmu, shekararsa 6 har yanzu magana ba ta zauna ba, in aka kunna injin markaɗe sai ya toshe kunne ya shige bayan labule. Uwar duk ta rame wallahi.

Abin da kowa ya fi nanatawa, a fara da asibiti, a karɓo takardar likita da ta faɗi ainihin lalurar, a gwada kunnensa ma don wani yaron ana ta cewa taurin kai ne ashe ji ne babu. Sai iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, a duba ba ta ƙare ba kafin a shiga Noor, shafin intanet na ma'aikatar ilimi, yin rajista.

Wata malama a cikinmu ta ce kurame akwai Ma'ahadul Amal, makafi Ma'ahadun Nur, sannan akwai ajin damaj a makarantun gwamnati inda yaro ke cuɗanya da sauran yara, ni dai nan na fi karkata in abin bai yi tsanani ba. Ta ce "ki je da ƙafarki ana tsakiyar darasi, ki ƙirga yara nawa ke kan malama ɗaya, ki leƙa banɗaki, ki tambaya ko akwai mai koyar da magana."

Batun yare ya ja gardama sosai, gida Hausa makaranta Larabci, amma yawancinmu mun ce kar ta daina yi masa Hausa. Kuma a nemi makaranta ta kusa, saboda zafin Makka da cunkoson lokacin Umara.