Masu shirin jarrabawar Sifaniyanci, yaya kuka yi da aikatau?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata za ta zauna BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, bana a nan Kamaru, kuma Sifaniyanci ta ɗauka a makaranta. Ta haddace ƙarshen aikatau na -ar, -er da -ir tsaf, amma da an zo labarin abin da ya wuce sai ta rasa wanda za ta sa, indefinido ko imperfecto. Waɗanda suka bi ta nan, don Allah ku taimaka mana.

Yar Marwa:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni Hausarmu ce ta cece ni. Ta riƙa tambayar kanta: "na ci" zan ce, ko "ina ci"? In abu ya faru ya ƙare, comí. In ana cikin yin sa ne, ko an saba yi, comía. "Ina karatu sai aka ɗauke wuta" shi ne estudiaba cuando se fue la luz. Karatun ne ke tafiya, ɗauke wutar ya katse shi. Haka "a da nakan je kasuwa", iba al mercado. Kafin in rubuta labari sai in faɗe shi da Hausa a zuci, in ji inda "ina" da "nakan" suka faɗo. Ba kullum yake dacewa ba, amma ya fi haddar jadawali nisa.

Malamin Ngaundare:
Ina gyara takardun ɗalibai, kuma inda maki ya fi zubewa shi ne alamar kan wasali. Hablo na nufin ina magana, habló kuma ya yi magana. Yaro ya san amsa, ya bar alama, ya rasa maki. Abin yana min ciwo ƙwarai. Sannan ta ware masu saɓa ƙa'ida: tuve, hice, dije, pude. Ser (kasancewa) da ir (tafiya) kuwa siffa ɗaya gare su a indefinido, fui, fuiste, fue, jimla ce ke bambancewa.

Hajiya a Madrid:
Na zauna DELE, jarrabawar ƙwarewa a Sifaniyanci, matakin B1, wadda Instituto Cervantes ke shiryawa. Subjuntivo ne kowa ke tsoro, alhali muna da shi: "ina so ka zo", ba mu cewa "ina so ka kan zo". To quiero que vengas ke nan. Tarkon masu Faransanci shi ne cuando, wato "lokacin da": Faransanci na sa lokaci mai zuwa bayan quand, Sifaniyanci kuwa cuando llegue ake cewa, ba cuando llegaré ba. Kada ta tsallake vosotros, wato "ku", don ta ji mutanen Meziko ba sa amfani da shi, a Sifaniya kullum yana bakin mutane.

Ɗan Garwa:
Allah ya saka da alheri. Malam, imperfecto fa, masu saɓa ƙa'idarsa suna da yawa?

Malamin Ngaundare:
Uku ne kacal: era, iba, veía.